Daga Tsafe Zuwa Bunguɗu: Wa Ke Zaune Kusa Da Wa?

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau ya san Dutsen Kwatarkwashi. Tun daga nesa ake hango shi ya tokare sama, garin kuma yana kwance a gindinsa. Direbobi kan ce in ka gan shi ka iso Gusau, domin abin da ya rage bai kai tafiyar rabin awa ba. Yawancin matafiya ta tagar mota suke kallonsa su wuce, ba su san cewa wannan hanya ɗaya ta ɗinke garuruwa huɗu masu dogon tarihi ba, wato Tsafe da Kwatarkwashi da Gusau da Bunguɗu.

Mu shida ne, ɗalibai 'yan aji biyu a jami'a. Malaminmu na darasin tsara birane ya ba mu aikin hutu: mu zaɓi wuri, mu taka da ƙafarmu, mu dawo da amsar tambaya ɗaya. Wa ke zaune kusa da wa, kuma wa ya yanke hakan? Muka zaɓi wannan hanya, muka yi kwana uku muna zirga-zirga a kanta. Iyayenmu sun gindaya mana sharaɗi, ba fita kafin hantsi, ba kaiwa la'asar sakaliya a hanya. Kowa ya san dalili.

Tsafe da 'Yandoto

Daga Tsafe muka faro, kilomita hamsin ko kusa da haka daga Gusau. Gari ne na noma da kasuwa, kuma a nan aka gina sansanin horar da masu yi wa ƙasa hidima na Jihar Zamfara. An kafa shirin hidimar ƙasa a 1973 domin ɗan Enugu ya kwana ɗaki ɗaya da ɗan Katsina, su ci abinci layi ɗaya, su san juna. Rashin tsaro ya sa aka ɗauke horon daga Tsafe aka mai da shi Gusau. Masu shago da masu abinci da 'yan kabu-kabun da ke cin kasuwar sansanin su suka fi kowa jin abin a jika. Garin kuma ya rasa baƙin da yake gani sau da yawa a shekara.

Kaɗan daga Tsafe sai 'Yandoto, tsohon garin malamai wanda almajirai daga ƙasashe daban-daban suka riƙa zuwa neman ilimi tun kafin jihadi. A 1806 aka yi karo tsakanin malaman garin da jama'ar Shehu Usmanu ƙarƙashin jagorancin Muhammadu Bello. Daga wannan yanki Malam Sambo Ɗan Ashafa ya tashi da mutanensa, suka yi ta sauya mazauni har suka kafa Gusau a farkon ƙarni na 19. Ana cewa daga kalmar gusawa sunan ya samo asali.

A nan muka lura da wani abu game da sarautun wannan hanya. Sarkin Tsafe ana kiransa 'Yandoton Tsafe. Na Gusau shi ne Sarkin Katsinan Gusau, alhali a Zamfara yake zaune. Na Bunguɗu kuwa Sarkin Fulanin Bunguɗu ne. Kowace sarauta tana ɗauke da sunan wani wuri ko wata jama'a da ta taso daga wani gefe. Ashe garuruwan nan duk masu ƙaura ne suka gina su. Wanda ke kiran wani baƙo a yau, in aka bi salsala, kakansa ma da kaya a ka ya iso.

A gindin dutse

Mun isa Kwatarkwashi da hantsi. Wani dattijo da muka tarar a inuwar bishiya ya amsa gaisuwarmu, ya tambayi abin da ke tafe da mu. Da muka faɗa masa sai ya yi dariya ya ce, "Ɗiyana, ku zamna. Wanga dutsi da ku ka gani, shi ad dalilin garin ga." Ya ba mu labarin da ya gada daga manya, cewa mutanen farko sun raɓi dutsen ne domin tsira daga mahara, har da bukukuwan da ake yi a da, irin su kamun maiki, kafin Musulunci ya yi ƙarfi a bar su. Ya kuma ambaci marigayi Sarkin Kwatarkwashi, Alhaji Ahmad Umar, wanda ya rasu a 2022 bayan shekara 61 a gadon sarauta.

Muka ɗan hau gefen dutsen, iya inda ƙafa ta kai. Daga can tsarin garin ya fito fili. Tsofaffin gidaje sun cure wuri ɗaya, lunguna ƙanana, zaure yana kallon zaure. Sababbin gine-ginen bulo kuwa sun miƙe a bakin kwalta kamar jerin gwano. A tsohon tsari mai hali da marar hali katanga ɗaya ta raba su. Rijiya ɗaya, masallaci ɗaya, makabarta ɗaya. In an yi haihuwa a gidan talaka, matar attajiri za ta ji guɗa daga tsakar gidanta.

Wannan ba ya nufin garin Bahaushe bai san rabon unguwanni ba. A ko'ina akwai unguwar maƙera da ta mahauta da ta marina, akwai zangon fatake. A Kano har yau ana kiran Tudun Nufawa da Ayagi da Zangon Barebari da Dandalin Turawa, inda Larabawa suka zauna. Amma duk suna cikin ganuwa ɗaya, suna cin Kasuwar Kurmi tare, suna kai ƙara gaban alƙali ɗaya. Baƙo yakan sauka gidan fatoma, ya yi aure, jikansa ya zama ɗan gari.

Wani abin mamaki shi ne Kwatarkwashi tana cikin Ƙaramar Hukumar Bunguɗu, amma Gusau ce ke tsakaninsu. Mutumin Kwatarkwashi mai neman takarda a sakatariya sai ya ratsa Gusau daga wannan baki zuwa wancan. Ita kuma Gusau tana ta gusowa gabas, tana cin gonakin da ba a cikin iyakarta suke ba. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, tana kan wannan hanya kusa da ƙauyen Sabon Gida, a ƙasar Bunguɗu. Tsakanin jami'ar da Damba mun ga gonaki da yawa an kakkafa musu duwatsun alama, an yanka su fuloti-fuloti. Ba mu ga inda aka bar wa makaranta ko asibiti ko magudanar ruwa ba.

Layin da Bature ya ja

Washegari muka shiga Gusau. Daga Kanwuri muka fara, inda fadar sarki take, muka bi ta Birnin Ruwa, sannan muka nufi Sabon Gari da Tudun Wada. Waɗannan sunaye biyu na ƙarshe ba Gusau kaɗai ke da su ba. Akwai su a Zariya da Kano da Kaduna da wasu garuruwa, kuma ba haka kawai suka yi kama ba.

Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya zo da ma'aikata da akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu. Turawan mulkin mallaka ba su so waɗannan baƙi su cuɗanya da mutanen birni, sai suka ware musu Sabon Gari. 'Yan Arewa da ba 'yan asalin gari ba aka tura su Tudun Wada. Su kuma Turawa suka keɓe wa kansu unguwa mai faɗi da itatuwa, wadda muke kira GRA a yau. Dokar garuruwa ta 1917, ta zamanin Gwamna Lugga, ita ta ƙarfafa wannan tsari. Ƙa'idar ita ce a bar fili na yadi 440, wato kusan mita 400, tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, ba gini a cikinsa. Hujjarsu wai kada sauro ya ɗauko zazzaɓi daga gidan baƙar fata ya kai wa Bature. Irin wannan rabo bai bar Bahaushe ba shi ma, domin a Ibadan an ware wa Hausawa unguwar Sabo a 1916.

Layin dogo daga Zariya ya ratsa Gusau a ƙarshen shekarun 1920, ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929. Da shi aka riƙa kwasar gyaɗa da auduga da fatu. Kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna, aka kafa injin gurzar auduga, daga baya aka samu masaƙa da matatar man gyaɗa. Yarbawa da Inyamurai da Nufawa da sauran jama'a suka zo neman abinci, Gusau ta zama babbar cibiyar ciniki a Lardin Sakkwato, ta kuma ɗauki fasalin da Bature ya zana wa garuruwan jirgi.

Abin da muka gani a Sabon Garin Gusau ya faranta mana rai. Layin da aka ja ya dusashe ƙwarai. Mun ga masallaci da coci a unguwa ɗaya, mun ga mai sayar da kayan gyaran mota yana ciniki da Hausar da ta fi tamu daɗi. Wata mata mai shagon ɗinki ta ce mana a Gusau aka haifi mahaifinta, ita ma a nan aka yanke mata cibi, in ta je garin kakanninta a Kudu kwana uku take yi ta fara kewar tuwo. Sai dai ta ce duk lokacin da 'ya'yanta za su cike takardar neman makaranta ko aiki, akan tambaye su shaidar asali, su koma neman takarda a garin da ba su sani ba. An rushe katangar ƙasa, ta takarda tana nan.

Layin da kuɗi ya ja

Ranar 1 ga Oktoba, 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙirƙiro Jihar Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato, Gusau ta zama babban birni. Ma'aikata suka tare, filaye suka yi tsada. A ƙidayar 2006 an samu mutum sama da 380,000 a Ƙaramar Hukumar Gusau, kuma ko makaho ya san adadin ya wuce haka nesa a yau.

Daga nan rabon ya sake kama. A GRA da sababbin unguwannin masu hali ba a tambayar ƙabilarka, aljihunka ake dubawa. Mun bi wani layi mai tsawo ba mu ga zaure ko ɗaya ba, sai dogayen katangu da waya a kai da ƙofofin ƙarfe. Kowane gida da rijiyar burtsatsensa, da farantan sola a kan rufi, da maigadi a ƙofa. Yaran gidan a mota ake kai su makarantar kuɗi, a mota ake dawo da su.

Minti goma a Keke Napep ya kai mu wata unguwa ta bayan gari. A can 'yan garuwa ne ke tura kura cike da jarkoki, mata da yara sun yi layi a bakin famfo. Kwata tana bin tsakiyar lungu, leda ta toshe ta. Wani magidanci ya lissafa mana abin da yake kashewa a ruwa kullum, muka ga cewa a kan kowace jarka talaka ya fi mai rijiyar burtsatse biya. Ga Kogin Sakkwato ya ratsa garin, ga madatsar ruwa a kansa, amma bututu bai bi gari zuwa inda ya gusa ba. In damina ta yi ƙarfi kuwa, gidajen da aka gina a kan hanyar ruwa su ne na farkon rushewa.

Illar wannan rabo a fili take. Wanda ke da bakin magana a ofis ba ya shan ruwan famfo, ɗansa ba ya zama a ƙasa a makarantar gwamnati, matarsa ba ta bin layi a asibitin unguwa. To wa zai matsa a gyara? Dattawan Gusau da yawa sun yi karatu a makarantu irin su Sakandaren Sambo, inda ɗan sarki da ɗan leburan jirgi suka zauna benci ɗaya. Mu a tsararmu akwai waɗanda sai da suka shiga jami'a suka fara abota da wanda ba ajinsu ɗaya a arziki ba.

Layin da tsoro ya ja

Layi na uku shi ya fi ciwo. Fiye da shekara goma ke nan Zamfara na fama da 'yan bindiga. Rikicin da ya faro da satar shanu da cinye burtali da ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da makiyaya ya raba Hausawa da Fulani waɗanda suka yi ɗaruruwan shekaru suna auratayya. A da Bafulatana za ta shigo da nono ta koma da hatsi, manomi ya roƙi makiyayi ya kwana da shanu a gonarsa don taki. Yanzu a wurare da yawa Bafulatanin da bai taɓa riƙe bindiga ba yana tsoron shiga kasuwa, manomin da bai taɓa cutar kowa ba yana tsoron zuwa gona. A Satumban 2021 har layukan waya aka rufe a jihar, aka dakatar da kasuwannin mako. Kasuwa kuwa ita ce wurin da ya rage ana haɗuwa.

Waɗanda aka kora daga ƙauyuka sun kwararo Gusau da Tsafe da sauran garuruwan bakin hanya. Ba a taswirar kowa suke ba. A kangaye suke kwana, da bakin tasha, da gidajen 'yan uwa. A wani kango da ke gefen gari muka gaida wata dattijuwa da jikokinta. Muka ce, "Inna, yaran nan suna zuwa makaranta?" Ta ce, "Wace makaranta, ɗiyana? Mu da ba mu san ranar da mai gida zai ce mu tashi ba." A gida tana da rumbu da awaki. A birni sunanta 'yar gudun hijira.

Mu ɗalibai ma abin bai bar mu ba. A Satumban 2023 'yan bindiga suka shiga gidajen haya a Sabon Gida suka sace ɗalibai, yawancinsu mata. Unguwar da ta tsiro ba tsari, ba fitilun titi, ba hanyar da motar jami'an tsaro za ta bi cikin sauri, mazaunanta ne ke fara biyan farashi.

Bunguɗu da abin da muka ƙullo

A rana ta uku muka ƙarasa Bunguɗu, kilomita ashirin ko kusa da haka a kan hanyar Sakkwato. Garin yana kusa da kogi, ga fadama ga lambuna. Muka zauna a inuwa muka haɗa bayananmu. Abin da muka fahimta shi ne layukan nan uku duk mutane ne suka ja su, da doka ko da kuɗi ko da tsoro, don haka mutane na iya share su.

Wasu ƙasashe sun gwada. Afirka ta Kudu ta kafa dokar raba unguwanni bisa launin fata a 1950, an soke ta a 1991, amma har yau talakan Soweto yana doguwar tafiya zuwa wurin aiki. Gini in ya kafu, sauya shi sai an sha wuya. Singafo kuwa tun 1989 ta ƙayyade kason kowace ƙabila a gidajen gwamnati, don kada wata unguwa ta zama ta jinsi ɗaya. Ba lallai mu kwafi nasu ba, amma ya nuna cewa hukuma na iya shirya cuɗanya da gangan. Muradin ci gaba na 11 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da shi a 2015 ma abin da yake nema ke nan, birane masu ɗorewa waɗanda ba su bar kowa a waje ba.

Doka ba ta yi mana ƙaranci ba. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa amana a hannun gwamna, akwai kuma dokar tsara birane ta 1992. Tun 2023 ana aikin sabunta titunan Gusau, kuma mun ga kwalta da magudanai sababbi a tsakiyar gari. Fatanmu aikin ya kai ga waɗannan abubuwa biyar.

Na ɗaya, a yi taswira guda da ta haɗa Gusau da Kwatarkwashi da Bunguɗu, tunda gari ba ya tsayawa a iyakar ƙaramar hukuma. Na biyu, kafin a yanka gona a sayar, a fitar da hanya da magudana da filin makaranta da na asibiti da na ƙwallo, a kuma hana gini a hanyar ruwa. Na uku, kowane sabon rukunin gidaje ya ƙunshi manyan fuloti da ƙanana, yadda malamin firamare zai iya maƙwabtaka da babban sakatare. Na huɗu, a ƙidaya 'yan gudun hijira, a sa 'ya'yansu a makarantun unguwa tare da sauran yara, kada a killace su a bayan gari. Na biyar, a shata burtali da mashaya da kasuwar dabbobi a cikin taswirar, domin makiyayi na gari ya samu ƙofar shigowa. A shuka itatuwa a kowane layi, don inuwa ita ce majalisar talaka da mai kuɗi.

Saura mu. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Ɗan uwa ɗalibi, ko kana sakandare ko jami'a, ɗauki takarda a wannan hutu ka zana unguwarku. Sa alama a inda ake ɗiban ruwa, da inda kwata ke taruwa, da inda yara ke wasa. Ka rubuta harsuna nawa ake ji a layinku, ka kuma tambayi kanka yaushe rabonka da shiga gidan wanda ba yarenku ɗaya ba, ko ba addininku ɗaya ba, ko ba ƙarfinku ɗaya ba. Ku haɗa zanen da na abokanku ku kai wa mai unguwa da kansila. Ƙungiyoyin ɗalibai su shirya wasan ƙwallo tsakanin Sabon Gari da Birnin Ruwa, a sa yaran da ke kwana a kango cikin 'yan wasa. Nan da shekara ashirin mu ne za mu sa hannu a takardun filaye, kuma da wuya mutum ya ware fuloti ga wanda bai taɓa gaisawa da shi ba.

Allah Ya zaunar da Zamfara lafiya, Ya mayar da kowa gidansa da gonarsa.